Wa ke riƙe da makullin? Batun amana tsakaninmu da kamfanonin da ke ajiye mana sirri

Duk sabuwar wayar Android da aka kunna, abin da take fara nema shi ne adireshin Gmail. IPhone kuma ta nemi asusun Apple. Da zarar an ba ta, aka danna maɓallin amincewa a ƙarƙashin wani dogon rubutu da ba wanda ya karanta, ciniki ya faɗa. Lambobin mutanen da ke cikin wayar, da hotuna, da hirarrakin WhatsApp, wani lokaci har wuraren da mai wayar ya taka, za su riƙa tafiya wani rumbu da ido ba ya gani, muddin an bar saitin a kunne. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, Apple yana ba da 5, wanda ya cika nasa sai ya riƙa biya duk wata.

Amfanin abin a fili yake. Wanda aka taɓa ƙwace wa waya a cikin adaidaita sahu, ya sayi wata, ya ga hotunan bikinsa da na ’ya’yansa sun dawo cif, ba ya bukatar a yi masa wa’azi a kan alherin wannan tsari. Sai dai rumbun nan da ake kira gajimare ba a sama yake ba. Manyan gine-gine ne cike da kwamfutoci, wasu a birnin Dublin na ƙasar Ailan, wasu a jihar Oregon ta Amurka, wasu a garin Hamina na ƙasar Finlan, wasu kuma a ’yan shekarun nan a Johannesbag da Kef Taun. Kowane gini yana da mai shi, yana da ma’aikata masu shiga da fita, yana kuma ƙarƙashin dokar wata ƙasa da alƙalanta da jami’an tsaronta.

Idan ana wannan magana, tambayar da aka fi yi ita ce: wane kamfani ne ya fi amana? A ganina wannan tambaya ba ta kai mutum ko’ina. Kamfani yakan canza shugaba, a sayar da shi, ya karye, ko gwamnati ta murɗa masa hannu, niyyar da yake da ita bara ba lallai ta kai baɗi ba. Tambayar da amsarta ba ta sauyawa da sauyin shugabanni ita ce: makullin yana hannun wa?

Kusan duk manyan kamfanonin za su gaya maka bayananka a kulle suke, kuma ba ƙarya suka yi ba. Amma kullewa iri biyu ce. Ka ɗauka ka kai akwatinka ajiya shagon wani attajiri. Shagon yana da ƙofar ƙarfe, yana da masu gadi dare da rana, ɓarawo ba ya ko kusantar wurin. To amma kwaɗon da ke jikin akwatin na mai shago ne, makullin yana aljihunsa. Wannan ita ce kullewa ta farko, kuma a haka yawancin abin da ke Google Drive da Google Photos da Dropbox da OneDrive yake, haka ma babban ɓangare na iCloud, rumbun Apple, idan ba a sauya saiti ba. Ta biyu ita ce ka sa naka kwaɗon tun daga gida, ka riƙe makullinka, mai shago ya karɓi akwatin da ko shi ba zai iya buɗewa ba. A wannan tsarin, wayarka ce take cuɗanya bayanan su koma rubutun da ba ya karantuwa kafin su bar hannunka, kuma na’urorinka kaɗai ke iya warware su.

Kamfanoni sun fi son ta farko, kuma dalilansu ba duka ba ne na mugunta. Idan ka manta kalmar sirrinka, suna iya buɗe maka, domin makullin yana wurinsu. Idan ka rubuta “doki” a akwatin bincike, aka fito maka da hotunan hawan sallar da ka ɗauka shekara uku baya, ai don kwamfutocinsu sun kalli hotunan ne. Suna kuma tace abin da ake ɗorawa don kama hotunan cin zarafin yara, wanda aiki ne da ba mai hankalin da zai ƙi. Akwai kuma batun kasuwa, domin bayanan da ake iya karantawa dukiya ce. Har zuwa 2017 Google yana duba abin da ke cikin saƙonnin Gmail na kyauta don ya zaɓi tallan da zai nuna wa mai asusun, a shekarar ce ya daina.

Matsalar ita ce makullin da ke aljihun kamfani ba kamfani kaɗai yake amfana ba. A 2023 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta tuhumi kamfanin Ring, mai yin kyamarorin tsaron gida, wanda Amazon ya mallaka, da cewa a 2017 wani ma’aikacinsa ya shafe watanni yana kallon dubban faifan bidiyo na mata a ɗakunan kwanansu da banɗakunansu. Ba kutse ya yi ba, damar da aikinsa ya ba shi ce, kuma wata abokiyar aikinsa ce ta lura ta kai ƙara. Kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5.8. A 2019 kuma aka gano cewa Apple da Google da Amazon duk suna da ’yan kwangila da ke sauraron guntayen maganganun da manhajojinsu masu amsa murya suka naɗa, har da waɗanda aka naɗa bisa kuskure, ba tare da masu maganar sun san akwai kunnen ɗan Adam a ɗaya gefen ba.

Na gwamnati ya fi wannan nauyi. A watan Yunin 2013 Edward Snowden, wanda ya yi wa hukumomin leƙen asirin Amurka aiki, ya fito da takardun da suka nuna yadda hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka take karɓar bayanai daga Microsoft da Yahoo da Google da Facebook da Apple da wasu, ƙarƙashin wani shiri mai suna PRISM. Kamfanonin sun musanta cewa sun buɗe wa gwamnati ƙofa kai tsaye, suka ce umarnin kotu suke bi. Ko da an ɗauki maganarsu yadda suka faɗe ta, ga wanda ba Ba’amurke ba babu wani sanyi a cikinta, domin dokar da ake amfani da ita an tsara ta ne tun asali don bibiyar baƙi da ke wajen Amurka, kuma mu ne baƙin.

A ƙarshen 2013 wani alƙali a Niyok ya umarci Microsoft ya miƙa saƙonnin imel na wani da ake bincika kan safarar ƙwaya. Microsoft ya ce saƙonnin suna Dublin, hurumin alƙalin Amurka bai kai can ba. Aka yi ta shari’a, kamfanin ya yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara a 2016, magana ta kai Kotun Ƙoli. Kafin ta yanke hukunci, a watan Maris na 2018, majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da ake kira CLOUD, wadda ta ce kamfanin da ke ƙarƙashin dokar Amurka dole ya miƙa bayanan da ke hannunsa idan an zo masa da takardar kotu, ko a wace ƙasa kwamfutar take. Shi ke nan gardama ta mutu. Don haka idan ka ji ana cewa a kawo rumbunan ajiya Legas ko Abuja sirrinmu ya tsira, rabin magana aka faɗa. Wurin da ginin yake yana da tasiri, amma ƙasar da mai ginin yake amsa kira ta fi tasiri. A watan Yunin 2025 an tambayi wani babban jami’in shari’a na Microsoft a Faransa, a gaban kwamitin majalisar dattawan ƙasar, ko zai iya ba da tabbacin cewa bayanan Faransawa ba za su taɓa kaiwa hannun hukumomin Amurka ba. Ya ce ba zai iya ba.

Ba Amurka kaɗai ba ce. Tun watan Fabrairun 2018, bayanan iCloud na mazauna ƙasar Sin suna hannun wani kamfani mai alaƙa da gwamnatin lardin Guizhou, domin dokar ƙasar ta wajabta haka, Apple kuwa ya zaɓi ya bi a kan ya bar kasuwar. Abin da ya faru a Birtaniya ya fi koyar da darasi. A watan Disambar 2022 Apple ya fito da wani zaɓi da ke bai wa mai iPhone damar riƙe makullin kusan duk abin da ya ajiye a iCloud, har da hotuna da kwafin wayar gaba ɗaya. A farkon 2025 jaridu suka bankaɗo cewa ma’aikatar cikin gidan Birtaniya ta aika wa kamfanin umarni a asirce, ƙarƙashin wata doka ta 2016, cewa ya samar mata hanyar buɗe irin waɗannan bayanan. Apple ya ƙi yin ƙofar baya, amma a watan Fabrairu ya janye zaɓin daga Birtaniya. An gudu ba a tsira ba: kamfanin bai karya kwaɗon kowa ba, sai dai ya daina ba mutanen ƙasar damar sa nasu.

Lamarin da ya fi tsaya mini a rai babu ɗan leƙen asiri a cikinsa, babu ɓarawo. A watan Fabrairun 2021, lokacin annobar korona, wani magidanci a birnin San Faransisko ya ga al’aurar ɗansa ƙarami ta kumbura. Asibiti suka ce a turo hoto kafin likita ya duba yaron ta bidiyo. Ya ɗauka da wayarsa, aka tura, likita ya rubuta magani, yaro ya warke. Hoton kuwa ya hau Google Photos da kansa. Bayan kwana biyu aka rufe asusun mutumin, domin na’urar tacewa ta ɗauki hoton a matsayin na cin zarafin yara, aka kuma kai rahotonsa ga hukuma. Ya rasa imel ɗinsa na fiye da shekara goma, da lambobin mutane, da hotunan ɗansa tun yana jariri, har da layin wayarsa, domin shi ma na Google ne. ’Yan sanda suka bincika duk abin da ke asusun, suka ce babu laifi. Ya kai wa Google takardar, kamfanin ya ƙi mayar masa da asusun. Jaridar New York Times ce ta ba da labarin a watan Agustan 2022. Yanzu ka auna: wannan mutum ne da ke zaune a unguwar kamfanin, yana jin yarensu, aikinsa ma na kwamfuta ne. Uwa a Gusau ko Maraɗi da ta tura wa ƙanwarta ma’aikaciyar jinya irin wannan hoton, wa za ta kai wa kuka?

Batun WhatsApp yana bukatar a tsaya a kansa, tunda nan ne rayuwarmu ta koma, daga cinikin atamfa zuwa sulhun aure. Tun watan Afrilun 2016 saƙonninsa a kulle suke tsakanin mai aikawa da mai karɓa, kamfanin ba ya iya karanta su a kan hanya. Wannan gaskiya ne. Amma kwafin hirar da wayar take ɗorawa a Google Drive ko iCloud, wanda shi ne yake dawo maka da tsofaffin saƙonni idan ka canza waya, shekara da shekaru ba ya cikin wannan kariyar. Paul Manafort, tsohon shugaban yaƙin neman zaɓen Donald Trump, ya gane haka a 2018, lokacin da masu bincike suka samo wasu saƙonninsa na WhatsApp daga asusunsa na iCloud da izinin kotu. Sai a watan Oktoban 2021 WhatsApp ya ba da damar kulle kwafin shi ma, da kalmar sirri ko da wani makulli mai lambobi da haruffa 64. Zaɓi ne da sai mutum ya shiga saiti ya kunna da hannunsa. Ko ka kunna naka, hirar da kuka yi da abokinka tana cikin nasa kwafin, wanda wataƙila a buɗe yake. Kuma kullewar ba ta ɓoye da wa kake magana, da yaushe, da sau nawa. Don kwatanci, da wata kotun Amurka ta nemi bayanan wasu masu amfani da Signal, wata manhajar aika saƙo irin WhatsApp, a 2016, abin da aka iya miƙa mata shi ne ranar da aka buɗe asusu da ranar ƙarshe da ya hau intanet, domin iyakar abin da aka ajiye ke nan.

To, wanda ya riƙe makullinsa ya huta ke nan? A’a, kuma nan ne batun masu ƙera manhaja yake shigowa. Kwaɗon ma ai wani ne ya ƙera shi. Manhajar da take kulle maka bayanai kamfani ne ya rubuta ta, shi ne kuma yake turo mata sabuntawa cikin dare kana barci, kai kuwa ba ka da hanyar sanin abin da ya canza. Zoom ya shafe shekaru yana tallar cewa tarukan da ake yi a kansa a kulle suke daga wannan baki zuwa wancan, sai a 2020 hukumar kasuwanci ta Amurka ta bayyana cewa makullan suna kan kwamfutocin kamfanin. A watan Disambar 2020 aka gano masu kutse sun shiga kamfanin ƙera manhaja na SolarWinds, sun cusa muguwar manhaja a cikin sabuntawar da yake tura wa abokan cinikinsa. Kusan ma’aikatu da kamfanoni 18,000 suka sauke ta, da sa hannun kamfanin a jiki, har da ma’aikatar kuɗi ta Amurka. Sun yi abin da masana ke cewa a yi ne, wato sabunta manhaja a kan kari, ta nan aka ci su. Kusa da gida kuma, a 2020 wani kamfanin tsaron waya ya ba da rahoton cewa dubban wayoyi samfurin Tecno W2 da aka sayar a ƙasashe irin su Gana da Kamaru da Habasha sun fito daga kwali da muguwar manhaja a ciki, tana cinye data tana yi wa mutane rajistar abin da ba su nema ba. Kamfanin da ke ƙera wayar ya ce daga wani mai kawo masa kaya matsalar ta fito.

Duk da haka bambancin makullin bai rushe ba, labarin LastPass ya nuna hakan. Wannan kamfani ne da mutane ke ajiye duk kalmomin sirrinsu a wurinsa. A 2022 masu kutse suka bi ta kwamfutar gida ta wani babban injiniyansa, suka kwashe kwafin ma’ajiyar abokan ciniki. Abin kunya ne babba. Amma kalmomin sirrin a kulle suke da babbar kalmar da mai asusu kaɗai ya sani, don haka wanda tasa doguwa ce mai wuyar hasashe ya samu lokacin canza komai, wanda tasa gajera ce ya shiga uku. Adiresoshin shafukan da mutane ke shiga, waɗanda kamfanin bai kulle ba, su kam sun tafi. Abin da ya rage wa mai amfani da manhaja shi ne ya fifita wadda aka buɗe rubutunta kowa ya duba, wadda masana na waje suka bincika. Hakan bai kawar da yarda ba, ya dai raba ta tsakanin idanu masu yawa.

Sai dai gaskiya, a wurinmu yawancin sirri ba ya jiran gwamnatin Amurka kafin ya fita. Je ka kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ko makamanciyarta a kowane gari, ka tsaya minti goma. Dattijo ya sayi waya, ya miƙa wa yaron shago ya saita masa. Yaron ya buɗe masa Gmail, ya sa lambar wayar dattijon a matsayin kalmar sirri, ya rubuta a bayan kwali da biro, wani lokaci ma ya sa tasa lambar a wurin da ake dawo da asusu idan ya ɓace. Daga ranar duk hoton da dattijon ya ɗauka yana da mai kallo na biyu idan ya ga dama. Hotunan fitattun ’yan fim na Amurka da suka bazu a 2014 ma ta irin wannan ƙaramar ƙofa suka fita: an aika musu saƙonnin bogi kamar daga Apple ko Google, suka rubuta kalmar sirrinsu da hannunsu. Ga kuma manhajojin ba da bashi, waɗanda suka riƙa neman izinin shiga lambobi da hotuna, mutum ya danna amincewa saboda yana cikin matsi, in ya makara da biya a aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cewa ɓarawo ne. Sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta Nijeriya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna daga ƙarshen watan Mayun 2023.

Doka tana ƙoƙari. Gana tana da dokar kare bayanai tun 2012, Nijar tun 2017, Nijeriya ta samu tata a watan Yunin 2023 tare da hukuma mai zaman kanta. A watan Yulin 2024 hukumar kare masu saye ta ci Meta, uwar Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan ’yan Nijeriya, kotun musamman ta tabbatar da hukuncin a watan Afrilun 2025. Ba ƙaramin abu ba ne a ce hukumar Afirka ta tsaya wa irin wannan kamfani. Amma tara tana zuwa ne bayan ɓarna, kuɗin kuma baitulmali suke shiga, hoton da ya riga ya fita ba ya komawa.

Riƙe makulli kuma yana da nasa tsadar, wadda masu yabonsa ba su cika faɗa ba. WhatsApp ya faɗa ƙarara cewa wanda ya manta kalmar da ya kulle kwafinsa da ita, wayar kuma ta ɓace, ba mai iya dawo masa da hirarsa. Apple ba ya barin ka kunna nasa tsarin sai ka ajiye makullin ceto mai haruffa 28 ko ka naɗa wani amintacce da zai taimaka maka. Ga mutumin da ke canza layi duk shekara, wanda ba ya tuna kalmar sirrin da aka sa masa, haɗarin ya kulle kansa a waje ya fi haɗarin a leƙa shi kusa. Shi ya sa ba na ganin hikima a ce komai a kulle shi iri ɗaya. Hotunan taron suna da karatun da aka naɗa a masallaci, a bar su inda kamfani zai iya dawo da su. Hoton katin ɗan ƙasa, da takardun fili, da sakamakon asibiti, da abin da ke tsakanin miji da mata, waɗannan ko dai su shiga inda kai ke da makulli, ko kada su hau intanet sam, a kuma ajiye kwafi a memori ko faifan ajiya a gida.

Akwai kuma ranar da mai makullin ba ya nan. ’Yan kasuwa da yawa yanzu lissafin bashinsu, wanda suke bi da wanda ake bin su, yana cikin waya ne, kuma ba a raba gado sai an biya bashi. Google yana da saiti tun 2013 da mutum zai zaɓi wanda za a miƙa wa bayanansa idan asusun ya daɗe ba a taɓa shi ba, Apple ya kawo irinsa a 2021. Wanda bai saita ba, magadansa sai sun bi ta takardun kotu da na shaidar rasuwa zuwa wani ofis a Kalifoniya, in kuwa da nasa makullin ya kulle bai bar wa kowa ba, kamfanin ma ba shi da abin da zai ba su. Tun watan Disambar 2023 kuma Google ya fara aiki da ƙa’idar da ta ba shi damar goge duk asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba, da duk abin da ke cikinsa.